Ranar da Kaska Ya Shiga Gaba

Akwai wani ɗan tsere cikin manyan nan da ake aiko wa da tikitin jirgi don su je su yi gudu a ƙasar da ba tasu ba. Abokan sana'arsa suna kiransa Kaska. Ba ya son sunan, amma sunan ya bi shi har gida, don ko matarsa in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Aikinsa rabin gudun fanfalaki ne, wato kilomita ashirin da ɗaya a kan kwalta. Kuma ya iya, wannan ba mai ƙwace masa. Falonsa cike yake da kofuna, har matarsa ta mayar da ɗaya wurin ajiye makullai, ɗaya na zare da allura.

Ga inda sunan ya samo asali.

Masu wannan gudu suna da wata ƙa'ida a tsakaninsu da ba a rubuta ta ko'ina ba. Wanda yake gaba shi yake shan iska. Tana dukan ƙirjinsa tana cin ƙarfinsa, na bayansa kuwa yana tafiya a sauƙaƙe kamar wanda ya fake a jikin bango. Saboda haka karɓa-karɓa ake yi. Ka ja mutane na ɗan lokaci, ka kaɗa hannu, ka kauce, wani ya karɓe ka. Ko ba ku jin harshen juna, kowa ya san ma'anar wannan hannun.

Kaska bai taɓa karɓar kowa ba.

Zai duba mai faɗin baya ya manne masa, har takalminsa yana taɓa dugadugan mutum. A kaɗa masa hannu, sai ya sunkuyar da kai kamar yana neman abin da ya faɗi. Sai an hango ƙarshe, kowa ya gama ƙarewa, sannan ya fito da ƙarfinsa sabo fil, ya wuce su, ya ɗaga hannu sama a ɗauke shi hoto.

Babu dokar da ta hana haka. Alƙalan tsere ba su da ta cewa. Amma mutane suna da ido, kuma ba sa mantuwa.

Wanda ya fi kowa shan wahalarsa shi ne Dogo, abokin atisayensa. Sansaninsu ɗaya, kocinsu ɗaya, in an yi tafiya ɗakinsu ɗaya a otal. Dogo mutum ne mai tsayi da faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. Shekara da shekaru shi ke ja, Kaska ke cinyewa. In aka tsaya ɗaukar hoto, Dogo na gefe riƙe da furen na biyu.

Sai ga shekarar gasar duniya ta zo, gasar da Kaska bai taɓa zuwa ba. Wani karon ciwo ya hana shi, wani karon rigima ya yi da hukuma. Yanzu ya haura talatin, gwiwarsa ta hagu kullum sai an ɗora mata ƙanƙara. Shi da kansa ya san in wannan ta wuce shi, to ta wuce ke nan.

Hukumar wasanni kuwa ba kofi take tambaya ba. Lokaci ta yanka. Wanda ya gama tseren cikin awa ɗaya da minti ɗaya ya shiga. Wanda bai kai ba ya zauna gida, ko da kofunansa sun taɓo rufi.

A nan kofunan Kaska suka zama kayan ado. Duk tseren da ya shiga sanyi yake yi, don ba mai son ya kashe kansa a gaba wani ya zo ya kwashe. Yana cin nasara, amma a makare.

Dogo kuwa tuni ya sami nasa lokacin, a wani ƙaramin tsere da Kaska ya raina ya ce babu 'yan jarida a wurin.

Tsere ɗaya ya rage kafin a rufe ƙofa, babba ne, manyan 'yan gudu daga ƙasashe da yawa za su zo. Ranar da zai tafi, matarsa tana naɗe masa kaya a kan gado. Ita ma ta yi gudu kafin ta fara haihuwa, don haka ba a yi mata ƙaryar sana'a.

Ta ce, "Abban yara, wa zai ja ka?"

Ya ce, "Akwai jagaba. Sun ɗauko mai kyau."

Jagaba shi ne ɗan gudun da masu shirya tsere suke ɗauka haya. Aikinsa ya shiga gaba ya riƙe saurin da ake so, ya tare wa manya iska, in an ci rabin hanya da ɗoriya ya fita gefe. A kansa Kaska ya ɗora dukkan lissafinsa.

"In jagaban ya gaza fa?"

"Me zai sa ya gaza? Da wannan yake ci."

"Mutum ne, ƙafa biyu gare shi kamar kai. Ka yi wa Dogo magana tun yanzu. Ka ce, ɗan'uwa, wannan karon ina neman taimakonka. Bakinka ba zai tsage ba."

Ya yi dariya. "Dogo ai ba a roƙonsa. In ya ga hanya a buɗe, ƙafarsa ce ke kai shi gaba ko bai yi niyya ba."

Ta dube shi, ta ja zif ɗin jakar. "To, Allah ya tsare hanya. Man shafa gwiwar yana aljihun gefe."

Ana gobe tsere, da yamma, suna ɗakin otal. Takalma jere a gindin taga, robobin ruwa a kan tebur. Dogo na zaune a bakin gadonsa yana maƙala lamba a rigar gudunsa. Kaska na kwance ya jingina ƙafafu da bango yana latsa waya.

Koci ya shigo. Dattijo ne, shi ya raine su a sana'ar tun ba su san yadda ake ɗaure takalmi ba. Ya dawo daga zagayen da ake yi da mota don a ga hanya.

Ya ce, "Hanyar a shimfiɗe take, ba tudu. Sai dai akwai wata doguwar gada a tsakiya, a kan ruwa. Iskar wurin ba ta wasa, gaba da gaba take zuwa. Ku biyu ku shirya tsakaninku. In wani abu ya sami jagaba, ku raba aikin."

Kaska bai ajiye wayar ba. Ya ce, "Koci, kowa da abin da aka ba shi. Wani an ba shi baya mai faɗi, wani an ba shi kai."

Dogo bai ɗago ba. Ya gama maƙala lambarsa, ya rataye rigar a jikin kujera, ya ce zai sauka ya sha shayi. Ya fita ya ja ƙofa a hankali.

Koci ya ce, "Kai, bakinka ya fi ƙafarka gudu."

"Wasa nake yi masa, Koci. Ya saba."

Ya saba. Haka ake cewa a kan duk wanda aka daɗe ana cuta bai yi magana ba.

Da safe aka jera su a bakin layi, manya a gaba, dubban mutane a bayansu. Aka harba bindiga. Motar da ke ɗauke da babban agogo a samanta ta shiga gaba, babura masu kyamara suna gefe, jama'a maƙil a bakin titi.

Jagaba ya yi aikinsa. Wani siririn mutum ne cikin rawayar riga, takunsa daidai kamar an auna. Ba a jima ba sauran suka zube baya, aka bar mutum shida a bayansa: Kaska, Dogo, da baƙi huɗu. Kaska ya sami wurinsa a tsakiya, iska ba ta taɓa shi ta ko'ina. Ya dubi agogon motar, ya ga komai na tafiya yadda yake so.

Dab da hawa gadar akwai teburin ruwa. Wani ya sha ya jefar da robarsa, ta gangaro tsakiyar titi. Jagaba ya taka ta. Ƙafarsa ta gurɗe, ya yi tangal-tangal, ya yi ƙoƙarin ci gaba, ya kasa. Ya ɗingisa gefe ya dafa ƙarfen bakin titi.

Nan take gudun ya yi sanyi, kamar motar da mai ya ƙare mata.

Su shida suka bazu a faɗin titi, kowa na satar kallon na kusa da shi. Ba mai son zama na gaba. Baƙin nan huɗu kofi suka zo nema, agogo bai dame su ba. Kuma duk sun san Kaska. Ɗaya daga cikinsu, mai jar riga, ya taɓa jan shi tun daga farko har kusan ƙarshe a wani tsere, Kaska ya wuce shi ana saura ƙiris ko waiwaye bai yi ba.

Kaska ya jira. Ya tabbata yanzu Dogo zai gaji da wannan rarrafe ya fita. Dogo bai fita ba. Yana nan a gefensa, numfashinsa lafiya lau.

Kaska ya ce, "Dogo. Ja."

Dogo ya ci gaba da takunsa.

"Dogo, lokaci!"

Dogo ya ce, "Naka."

Mai jar riga ba ya jin abin da suke faɗi, amma ya gane. Ya juyo ya yi wa Kaska murmushi, ya buɗa hannu ya nuna masa titi, kamar mai gida yana yi wa baƙo iso.

Kaska ya sake duban agogon. Abin da jagaba ya tara masa yana zubewa a gabansa. Ya cije leɓe, ya fita gaba.

Kafin ya yi taku goma, su biyar ɗin sun jeru a bayansa reras.

Suka hau gada. A nan ya haɗu da ita. Iskar ta tokare shi a ƙirji kamar wani ya sa tafin hannu yana tura shi baya. Rigarsa ta manne da jikinsa, lambarsa na kaɗawa, idanunsa na ruwa. Shekara nawa yana wannan sana'a, amma bai taɓa jin nauyinta haka ba, don kullum wani ke ɗauke masa.

Ba iskar kaɗai ba ce matsalarsa. Bai iya auna gudu ba. Tunda yake, ƙafar wani yake kallo ya ɗauki taku. Yau da babu ƙafa a gabansa, sai ya rasa ma'auni. Ya fizga da ƙarfi cikin fushi, ƙirjinsa ya ɗauki wuta, ya sassauta. Ya dubi agogo, tsoro ya kama shi, ya sake fizga. Na bayansa ba su bi shi wannan hauka ba. In ya fizga sai su bar shi ya yi gaba kaɗan, in ya sassauta sai su tarar da shi a nutse, ba su ɓatar da komai ba.

Ya ji takalmi ya taɓa dugadugansa. Ya sake ji.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya kaɗa hannu.

Ba wanda ya zo.

Ya sake kaɗawa, ya kauce gefe ya ba su hanya. Suka kauce tare da shi kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Ya waiwaya, sai ya ga kawuna biyar duk a sunkuye.

Koci na tsaye a ƙarshen gadar, ya haye kan wani dakali yana ta ihu. "Daidaita! Daidaita mana! Kada ka riƙa fizga!"

Ya ji, amma bai san yadda ake yi ba. Abin da ba ka koya a filin atisaye ba, ba a tsakiyar gada za ka koye shi ba.

Da suka sauka daga gadar, Dogo ya dube shi da kyau daga baya. Kafaɗunsa sun ɗage har kunne, kansa na rangaji, bakinsa a buɗe. Dogo ya san wannan alama. Zuciyarsa kuwa ba dutse ba ce.

Ya fito ya jera da shi. "Koma baya."

Kaska sai haki yake yi.

"Manne. Har yanzu akwai dama."

Dogo ya shiga gaba ya kafa taku, ba ƙari ba ragi, daidai saurin da ake buƙata. Kaska ya faɗa bayansa. Na ɗan lokaci abin ya yi kamar zai yiwu, har Koci da ke bin su a kan babban allon da aka kafa a bakin titi ya fara tafi.

Sai dai ƙafar ta riga ta ƙone a kan gada. Tazara ta buɗe tsakaninsu. Da farko tsawon hannu ce, can ta zama tsawon mota.

Dogo ya waiwaya. Ya ɗan sassauta. "Zo mana! Zo!"

Kaska ya girgiza kai.

A daidai nan mai jar riga ya zabura ya wuce, sauran ukun suka bi shi. Dogo ya sake waiwayawa sau ɗaya, sannan ya juya ya bi su. Ya yi iya nasa.

Ragowar hanyar iska ta sake juyowa. Baƙin suka fara neman bayan da za su fake, Dogo kuwa ya ratsa ta kamar ba ta nan. Ya kamo su ɗaya bayan ɗaya, ya wuce mai jar riga ana hango ƙarshe. Ranar ya ci babban tserensa na farko.

Kaska ya shigo miƙaƙƙen titin ƙarshe shi kaɗai. Babban agogo na rataye a saman layi, yana iya karanta shi sarai. Da idonsa ya ga lokacin da hukuma ta yanka ya cika, ya haye, shi kuwa bai iso ba. Saura ɗan abin da bai kai a faɗa ba.

A cikin rumfar 'yan gudu aka lulluɓe shi da bargo aka zaunar da shi a kan benci. Ba ya shan ruwan da aka ba shi, riƙe shi kawai yake yi. Can Dogo ya shigo, an gama ɗaukarsa hoto. Ya zauna a gefensa ya fara kwance takalmi.

Kaska ya ce, "Da ka karɓe ni tun a kan gada, da na samu."

"Da ka samu," in ji Dogo.

"To me ya hana ka?"

Dogo ya cire takalmi ɗaya ya ajiye. "So na yi ka ɗanɗana iskar nan, ka ji abin da muke ji. Ni ai ita ce karin kumallona. Na ce bari ka ja mu gadar nan kawai, in mun sauka in karɓe ka." Sannan ya ce, "Wallahi duk shekarun nan na ɗauka ka iya, ƙi kawai kake yi. Ashe ba ka iya ba."

Kaska ya sunkuyar da kai yana kallon ruwan da ke hannunsa.

Koci ya shigo. Kaska ya ɗago da sauri. "Koci, babu wani tseren? Ko ƙarami ne, ko ina ne, zan je."

"Yau aka rufe," in ji Koci. "Ka sha ruwan nan."

Wayarsa ta yi ƙara a cikin jaka. Matarsa ce.

Ta ce, "Na gani."

"Ba za ki ce komai ba?"

"Me zan ce, Abban yara? Ka dawo gida, yara suna tambayarka." Sai ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya dai zan faɗa maka. Na daɗe ina kallonka a talabijin kana cin kofi. Yau ne na fara ganin mijina yana aiki."

Gasar duniya ta zo, Dogo ya tafi. Kaska ya kalle ta a falonsa, ƙafa a kan kujera, ƙanƙara a gwiwa.

Bayan an dawo atisaye, ranar farko da aka fita titi, ba wanda ya ce masa komai, shi da kansa ya shiga gaba. Matasan sansanin suka dubi juna. Ya yi ta fizga yana sassautawa har wani ya ce, "Yaya, kashe mu za ka yi?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Washegari ya sake shiga gaba. A hankali ya koya, har ya zamana in yana ja ba mai duba agogo.

Shekarar da ta biyo baya gwiwar ta ƙi gaba ɗaya, likita ya ce ya ajiye takalmi. Ya iya aikin, amma babu sauran gasar da zai kai shi.

Darasi: Duk nauyin da kake zamewa kana barin wani ya ɗaukar maka, kada ka ɗauka wayo ka yi. Shi ƙarfi yake ƙarawa, kai kuwa raguwa kake yi ba ka sani ba. Ranar da abin zai zama naka kai kaɗai tana nan zuwa, a gida ne ko a wurin aiki, kuma ko an tausaya an miƙo maka hannu a ranar, sai kana da ƙarfin kamawa. Ka karɓi naka rabon wahalar tun ana tare, kuma ka daina raina mai haƙurin da ke tare maka iska. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokan aiki. Wanda ya karanta ya ji haushi, to da shi ake.